Me ya sa ruwan sama ke kashe masu shiga kogo?

Idan kuka tambayi mutane me suka fi tsoro a cikin kogo, yawancinsu za su ce duhu, ko jemage, ko rufin ya rufto musu. Amma waɗanda suka daɗe suna wannan harka, ruwa suka fi tsoro, kuma suna da gaskiya.

Bari mu fara da yadda kogo yake samuwa. Yawancin manyan kogunan dutse na duniya suna cikin irin farin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi. Ruwan sama yana kwasar iskar kabon daga sararin sama da kuma cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. Tsamin nan ba shi da wani ƙarfi, amma idan ya samu ƴar tsaga a jikin dutse, yana bi yana cinta a hankali, shekara dubbai, har tsagar ta zama hanyar da mutum zai bi a tsaye. Haka kogon Mammoth na jihar Kentaki a Amurka ya samu, wanda hanyoyinsa da aka auna sun haura kilomita 650.

To, ku riƙe wannan: hanyar da mai shiga kogo yake takawa, magudanar ruwa ce. Sau da yawa ruwan bai bar ta ba, lokacin dawowarsa ne bai yi ba. Mutum yana can ciki, ba ya ganin hadari, ba ya jin tsawa. Ruwan da aka yi a bisa tsauni yana tattaruwa ta ramuka da tsagogi, duka ya nufi hanya ɗaya. Inda hanyar ta matse, sai ya cika ta har rufi.

A 1967 a kogon Mossdale da ke Yokshaya a Ingila, mutum 6 suka rasu ta wannan hanya, bayan an tafka ruwa a waje suna ciki.

Sai labarin da duniya ta fi sani. Ranar 23 ga Yuni, 2018, yara 12 ƴan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang a lardin Chiang Rai na ƙasar Tailan. Allon gargaɗin da ke bakin kogon ya hana shiga ne daga Yuli zuwa Nuwamba, su kuwa a Yuni suka shiga, sai ruwa ya riga kalanda. Ya toshe hanyar fita, suka yi ta ja da baya har kusan kilomita 4 daga ƙofa. Sai ranar 2 ga Yuli wasu gwanayen nutso biyu ƴan Birtaniya, John Volanthen da Rick Stanton, suka iske su a kan wani tudu, dukansu da rai, suna shan ruwan da ke ɗiga daga jikin dutse. Fito da su ya fi gano su wuya. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasu yana kan hanyar dawowa daga kai tukwanen iska. Daga ƙarshe wani likita ɗan Ostireliya, Richard Harris, ya riƙa yi musu allurar barci, aka ratso da su ta cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya, daga 8 zuwa 10 ga Yuli.

Yaya mutum zai gane kogon da ruwa ke cikawa? Ku haska fitila sama. In kuka ga busasshen ganye, ko guntun icce, ko kumfa da laka sun maƙale a rufi, ruwa ne ya kai su can, kuma zai sake kaiwa. In ruwan da kuke takawa ya fara gurɓacewa, ko ƙararsa ta ƙaru, kada ku tsaya shawara, ku juya.

Shi ya sa ƙwararru ba sa shiga sai sun duba hasashen yanayi na duk yankin, sun kuma tambayi ko an yi ruwa kwanakin baya, domin ƙasar da ta riga ta jiƙe ba ta riƙe ruwa. Kowa da hular kwano da fitila uku. An fi son a shiga mutum huɗu, domin in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su fita neman taimako. A waje kuma a bar wanda ya san kogon da aka shiga da lokacin fitowa.

In kuwa ruwan ya riga ya tare hanya, kada a gwada nutso a cikinsa. A hau wuri mafi tudu, a zauna a kan jaka ko igiya maimakon dutse, a matsu da juna, domin jiƙaƙƙen jiki yana saurin rasa ɗumi, sanyi kuma yana kisa. A kashe fitilu a bar ɗaya, a yi alama a bakin ruwan don a riƙa duba ko yana hawa ko yana ja, a jira masu ceto.