Lacca: Yadda Ake Sauke Shugaban Majalisar Ƙauye a Indiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, na gode da wannan gayyata. Yau Indiya za mu leƙa, mu ga yadda talakan ƙauye ke raba shugabansa da kujera ba tare da an zare sanda ba.

A 1992 majalisar dokokin Indiya ta yi wa tsarin mulki gyara na 73, ya fara aiki ranar 24 ga Afrilu, 1993. Gyaran ya wajabta kafa majalisun ƙauye da suke kira panchayat, da zaɓe duk shekara 5, da ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujeru. Irin waɗannan majalisu sun kai kimanin 250,000 a faɗin ƙasar. Amma gyaran bai faɗi yadda za a kaɗa wa shugaba ƙuri'ar yanke ƙauna ba. Kowace jiha da tata dokar, don haka zan tsaya kan jihar Maharashtra da sashe na 35 na dokarta ta 1958.

Da farko 'yan majalisa su rubuta takarda su sa hannu. Ba shugaban za su kai wa ba, wanda can ake ce wa sarpanch, domin ba a ba wa kura ajiyar nama. Jami'in gwamnati mai kula da haraji da filayen yankin, tahsildar, shi ake kai wa. Da zarar ta shiga hannunsa ba a janye ta. Cikin kwana 7 dole ya kira zama na musamman, kuma shi zai jagoranta. Shugaban da ake tuhuma yana da 'yancin ya zauna, ya kare kansa, har ya kaɗa ƙuri'a. Wannan sharaɗin na fi riƙewa da daraja. Mutum ya ji laifinsa da kunnensa, a gaban waɗanda yake gaisawa da su kullum a kasuwa, ya ba da amsa.

To, ga inda nake so ku nutsu. Ana buƙatar kashi uku cikin huɗu kafin ƙudurin ya wuce, kuma lissafin na dukkan 'yan majalisar da ke da ikon zama da ƙuri'a ne, ba na waɗanda suka halarta kawai ba. Majalisun ƙauye a jihar suna da mutum 7 zuwa 17. Ɗauki mai mutum 9. Sai an samu 7. Idan uku suka kwana a garin surukai ranar zaman, ko shidan da suka zo duk sun ɗaga hannu, shugaba ya tsira. Kenan rashin zuwa ma ƙuri'a ce. Shi ya sa kowane ɓangare ke tsare mutanensa kafin ranar, wani lokaci har a kwashe su a bar gari da su.

Wani zai ce ai an tsananta. Akwai dalili. Da aka fara ware kujerar shugabanci ga mata da 'yan ƙasƙantattun dangogi, masu gonaki da tsoffin masu faɗa a ji ba su ji daɗi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa baki a sauke matar, ragama ta koma hannun mataimakinta. Tun lokacin da ake sauke sauran shugabanni da kashi biyu cikin uku, dokar jihar ta riga ta ɗaga na macen da ke kan kujerar mata zuwa uku cikin huɗu. Yanzu kuma ba a kawo ƙudurin sai shugaba ya cika shekara 2. Inda jama'a ne suka zaɓe shi kai tsaye, sai an koma wa taron duk masu zaɓe na ƙauyen, gram sabha, ya tabbatar.

Ni dai shekara 2 ɗin nan na damuna. Kariyar da ta rufa wa mace mai gaskiya asiri, ita ce ke rufa wa wanda ya cinye kuɗin rijiya. Kotun Ƙolin Indiya ta taɓa wannan batu a 2010, a shari'ar Bhanumati da jihar Uttar Pradesh, inda jihar ta rage wa'adin kariya zuwa shekara 1 a majalisun da ke sama da na ƙauye. Kotun ta amince da ragin, ta nuna cewa shugaba yana kan kujera ne muddin waɗanda suka ɗora shi na tare da shi.

'Yan'uwanmu na Ghana sun san makamancin wannan: sashe na 243 na tsarin mulkinsu na 1992 ya ba kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar gunduma ikon sauke shugaban gundumar.

Saura ɗaukaka ƙara. A Maharashtra, wanda aka sauke yana da kwana 7 ya kai kuka gaban babban jami'in gunduma, ya nuna an yi kuskure wajen sanarwa, ko ƙirga, ko an hana shi magana. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara daga ɓangaren mata.