Sharhi: Yaron da Ya Biyo Uwarsa Gidan Wani

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau na yara ne, musamman na gidajen Kirista a ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Rogo, har zuwa Roni a Jigawa.

Mahaifi ya rasu ko aure ya mutu, uwa ta sake aure, yaro ya bi ta. Tun ranar da ya sauke ƙunshin kayansa a sabon gida ake liƙa masa suna, wai agola. Ni dai ba na son sunan nan, domin na ga yadda yake sa yaro ya janye hannu daga kwanon tuwo tun bai ƙoshi ba.

Ɗana, 'yata, idan kuna ji na, ba ku ne farau ba. A Littafin Mahukunta sura 11, 'yan uban Yefta sun kore shi, suka ce ba shi da gādo tunda ɗan wata mace ne. Ya gudu ƙasar Tob. Da Ammonawa suka tayar da yaƙi, dattawan Gileyad da ƙafarsu suka je roƙonsa ya shugabance su. Wanda aka ƙi a gida, Allah bai ƙi shi ba. Yesu kansa a hannun Yusufu masassaƙi ya tashi, mutumin da ba shi ya haife shi ba, kuma Luka 2:51 ta ce yana yi wa Yusufu da Maryamu biyayya.

Saboda haka ka gaishe da mijin mahaifiyarka da safe, ka bi shi gona, ka ja ƙannenka a jiki. In ka kira shi Baba, ba ka ci amanar wanda ke kabari ba. In kuma bakinka bai iya ba tukuna, kada a tilasta maka, kewar mahaifi ba zunubi ba ce.

Amma akwai inda nake saɓawa da wasu dattawanmu. Duk kukan da yaro ya kawo, sai a ce yi haƙuri, a sallame shi. To, haƙurin bai haɗa da duka har jini ba, ko horo da yunwa, ko a cire ka daga makaranta ana biya wa 'ya'yan gida. Irin wannan ka faɗa wa fasto, ko malamin makarantar Lahadi, ko wata uwa a Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci. Wannan ba tonon asirin gida ba ne.

Ku kuma masu gida, kun haddace Afisawa 6:1 mai cewa yara su yi biyayya. Ku ɗan gangara aya ta 4, inda aka hana ubanni tsokanar 'ya'yansu har su fusata. Kirsimeti na tafe, za a kai amfanin gona kasuwa a yanko yadi. Yaron nan ba zai ce komai ba, amma idonsa na kan tela, yana ƙirga riguna nawa aka kai ɗinki.