Amsoshin Tambayoyinku: Farar Mota da Ƙurar Zazzau

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau da muka zazzage jakar wasiƙu sai muka tarar uku daga ciki duk a kan farar mota suke magana, to bari mu ɗauke su a jere.

Ta farko daga wani Alhaji ce a Tudun Wada. Ya ce tsohuwar Hilux gare shi, fentinta ya dushe, in ya shafa hannu sai ya ga gari kamar alli a tafinsa. Wane folish zai saya?

Alhaji, kafin ka sa hannu a aljihu, nemo baƙin tsumma mai laushi, ka ɗiga masa folish kaɗan, ka murza a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In tsumman ya yi fari, fentin motarka mai hawa ɗaya ne, ba a fesa masa kiliya ba, wato ruwan nan mai kama da gilashi da ake rufe launi da shi. Fararen Hilux da Hiace na da, da yawansu haka suke. Garin da kake gani saman fenti ne da rana ta cinye, na ƙarƙashinsa yana nan da ransa.

Abu uku ne a kanti mutane ke kira folish, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Kwamfawun mai kaushi ne, shi ke kankare mataccen fenti. Folish na gaskiya ya fi shi laushi, yana bin bayansa ya share zanen da ya bari. Kaki kuwa ba ya gyara komai, rufi ne kawai da ke tare rana da datti. Taka motar ukun take so, a wannan jerin, a inuwa, jikinta da sanyi.

In kuwa tsumman bai yi fari ba, akwai kiliya, sai a yi a hankali. Kaurinta bai kai na takardar littafi ba, kuma duk gugar da aka yi ragewa ake. Na sha ganin yaro ya ɗora inji a gefen bonet ya ƙona fenti kafin mai mota ya gama amsa waya. Idan kiliyar ta riga ta fara saɓa kamar maciji, kada wani ya ruɗe ka da kwalba, sai dai mai fenti.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Samaru. Ta ce wasu ɗige-ɗige launin tsatsa sun feso a ƙofofi da bayan motarta, wanki ba ya fid da su. Ko motar ce ta fara ruɓewa?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Garin ƙarfe ne da birki ke fesowa, ya kafe a jikin fenti, raɓa ko ruwan wanki ya taɓa shi ya yi tsatsa. Kowace mota na da shi, farar ce dai ba ta iya rufa asiri. Akwai ruwan cire ƙarfe da ake fesawa bayan wanki. In ya haɗu da ƙarfen sai ya koma shunayya yana gangarowa. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ki yi haƙuri da shi minti 3 zuwa 5, a ɗauraye kafin ya bushe. In ba a samu ba, akwai wata laka mai danƙo kamar cingam da ake murzawa da ruwan sabulu. Baƙaƙen ɗigo na ƙasa-ƙasa kuwa kwalta ce, ɗan kananzir a tsumma ya ishe ta, sannan a wanke wurin. Soson ƙarfe dai ki hana yara.

Ta uku direban bas ne da ke lodi a Kwangila. Ya ce an tallata masa kaki na farar mota kaɗai, shin gaskiya ne ko wayon 'yan kasuwa? Kuma da omo yake wanki.

Malam, akwai shi. Soft99 na Japan na yin gwangwani daban don fararen motoci, Turtle Wax ma na da irinsa. Galibi ɗan abin kankare datti aka ƙara a ciki. Yana aiki, amma ba dole ba ne. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne kashe kuɗi a kan kakin kanuba mai tsada, wanda ake samu daga ganyen wani irin giginya a Brazil. A baƙar mota yake nuna kansa. A fara da ƙyar za ka ga bambanci, kuma zafin Maris da Afrilu ba ya barinsa ya daɗe. Nemi na haɗin sinadari, shi ke kai watanni. Ka duba murfi da rubutun kwalba da kyau, jabu ya yi yawa.

Omo kuwa, shi ke wanke kakin da ka saya. Sabulun mota za ka nema. Sannan in hunturu ya kama, ɗabi'ar nan ta kaɗe ƙura da busasshen tsumma kowace safiya, yashi kake goga wa fenti. Watsa ruwa tukuna. In ruwan burtsatse ne, tsane shi kafin rana ta busar, don yana barin tabo. Kashin jemage da na tsuntsu, in ka kwana ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, a jiƙa shi a ɗauke tun da safe, kada a kankare da farce.

Akwai wasiƙa kan hayaƙin janareta daga Sabon Gari, amma mai kula da na'ura na nuna mini agogo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.