Hira daga Maradi: Ina binciken ɗalibanmu yake kwana?

Malam Lawali: Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da war haka daga Maradi. Yau ina tare da Hajiya Balki, wadda ta daɗe tana aikin ɗakin karatu, da Zara'u, ɗalibar fannin noma. Hajiya, yara na cewa tunda waya ta zo, ɗakin littattafai ya gama yayi.

Hajiya Balki: Wa alaikumus salam, Malam. Ai ni ba na faɗa da waya. Ita ta kawo mana abin da a da sai wanda ya je Faransa yake gani. Akwai shirin Research4Life, a cikinsa akwai Hinari na kiwon lafiya da aka fara a 2002, da AGORA na noma da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta buɗe a 2003. Dubban mujallun bincike ne, kuma Nijar na cikin ƙasashen da ake ba kyauta. Sai dai makaranta ce ke yin rajista, lambar shiga kuma tana hannun mai kula da ɗakin karatu. Wanda bai taɓa leƙo mu ba, ta ina zai sani?

Zara'u: Gaskiya Hajiya, mu yawanci a WhatsApp muke samun takardu. Wani ya ɗauki hoton littafi ya turo, mu je mu yi fotokwafi. Yanzu kuma kowa ChatGPT yake tambaya.

Hajiya Balki: Ƴata, ki yi amfani da shi ya warware miki Turancin da ya yi miki tsauri, ko ya gyara miki jimla. Amma kada ki nemi sunayen littattafai a wurinsa ki kwafe. Yana harhaɗa kalmomi ne bisa abin da ya saba gani, shi ya sa yakan ba da sunan marubuci da shekara da take, ki je nema ki tarar babu littafin a duniya. Ɗalibai sun sha kawo mini irin wannan.

Malam Lawali: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Ku dubi sassaben zamani. A nan yankin Maradi aka fara shi wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Australiya, da manoma suka lura kututturan da ke gona suna da rai, in an rage tohon aka bar masu ƙarfi sai su zama itace. Daga baya hotunan tauraron ɗan adam suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maradi da Damagaram. Duniya ta yi ta rubutu a kai, galibi da Ingilishi. To, yaranmu da suka shiga ƙauyuka suka zauna da manoman, suka ƙirga gawo da aduwa gona-gona, ina nasu rubutun?

Zara'u: Yana cikin kabad, Malam. Ni kaina a kan haka nake rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu. Na fi saurin samun abin da wani ya rubuta daga Turai fiye da na yayyenmu da suka yi aiki a Tibiri ko Aguie.

Hajiya Balki: Nan ne aikin yake. Na'ura ba ta san abin da ba a saka mata ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tun 2010 take, ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna da ta girme ta nesa ba kusa ba. Ku yi tunanin yawan binciken da aka yi a garin nan a kan gero da wake da gyaɗa. Manhajar adana shi kyauta ce: DSpace don ajiye memuwar da tez (kundin digirin dokta), PMB ko Koha don jera littattafai. Abin da ake buƙata shi ne injin ɗaukar hoton takarda, da mutum mai haƙuri da zai rubuta wa kowane aiki take da suna da shekara daidai. In babu wannan, ko an ɗora ba za a gano shi ba. Haka ma rubuce-rubucen ajami da ke cibiyar bincike ta IRSH a Yamai, da waɗanda ke gidajen malamanmu.

Zara'u: To kuran fa, Hajiya? Kowa ya tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ga rezo, ga tsadar data.

Hajiya Balki: Shi ya sa nake cewa a ajiye kwamfuta ɗaya a cikin ɗakin karatun, a haɗa ta da faranti mai aiki da rana, ta riƙa ba da wifi na cikin gida. Ɗalibi ya shigo da wayarsa ya kwashi abin da yake so, ba ya kashe ko dala. Da Kiwix ma ana karanta Wikipedia ba intanet, har da ta Hausa.

Malam Lawali: Ni zan ƙara roƙo ɗaya: kowace memuwar a yi mata taƙaitawa da Hausa, ko shafi guda, har a naɗe ta da murya. Manomin da ya ba da lokacinsa ya amsa tambayoyi yana da haƙƙin jin sakamako.

Zara'u: Hajiya, in na ƙare tawa, me zan kawo?

Hajiya Balki: Ki kawo ta a PDF bayan kin yi gyaran da alƙalan da suka duba aikin suka ce, da takardar amincewarki da sa hannun malaminki. Shafin Hausar kuma mu zauna mu rubuta tare.

Malam Lawali: Madalla. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.