Yadda Ake Gano Ma'adinin Talak a Cikin Ƙasa

Idan ka ɗauki guntun wannan dutse ka karce shi da farce, nan take zai yi zane, idan kuma ka murza shi tsakanin yatsunka sai ka ji santsi kamar na sabulu. Sunansa talak, kuma shi ne mafi laushi a cikin ma'adanai. A ma'aunin tauri da masanin nan Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a shekarar 1812, talak ne ke mataki na 1, yayin da lu'u-lu'u, wato daimon, ke mataki na 10. Laushin nasa ya samo asali ne daga yadda aka gina shi falle-falle, inda kowane falle mai magniziyom (wani irin ƙarfe marar nauyi) ke kwance tsakanin fallaye biyu na silika (sinadarin da ke cikin yashi), amma riƙon da ke tsakanin wannan jeri da na gaba mai rauni ne ƙwarai, don haka suke zamewa a kan juna.

Abin da mai binciken ƙasa ya fara sani shi ne, talak ba ya samuwa kai tsaye daga narkakken dutse. Wani dutse ne na daban zafi da matsi da ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa suka sauya, kuma irin wannan dutse na asali shi ke yanke hukuncin ingancin abin da za a haƙa. Hanya ta farko ita ce ta dutsen dolomayit, wanda yake ɗauke da magniziyom. Idan ruwan zafi mai ɗauke da silika ya bi ta tsagogin wannan dutse, sai su haɗu su haifar da talak mai fari da tsafta, wanda masana'antu suka fi nema. Hanya ta biyu kuwa ita ce ta duwatsu masu duhu da suka fito daga zurfin ƙasa, waɗanda ruwa ya fara mayar da su wani irin dutse da ake kira safantinayit, daga baya iskar kabon ta sake sauya su zuwa cakuɗen talak da wani ma'adini mai magniziyom da ake kira magnisayit. Irin wannan ne ake haƙa a Sotkamo ta ƙasar Finlan, inda sai an niƙa dutsen an tace shi da kumfa kafin a raba talak da abokin cakuɗensa.

Mahaƙar Trimouns da ke tsaunukan Firenis a kudancin Faransa misali ce ta hanya ta farko. Tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,700, a wata tsaga inda dolomayit ya haɗu da wasu duwatsu masu silika, kuma saboda dusar ƙanƙara ba a aiki a cikinta sai daga bazara zuwa kaka. Daga can ake sauko da dutsen ta kan igiyoyin ƙarfe zuwa masana'antar da ke garin Luzenak.

Neman talak yana da wahala ta musamman, domin laushinsa yana sa ruwan sama da iska su cinye shi kafin duwatsun da ke kewaye da shi, sai ya ɓuya a cikin kwari ƙarƙashin ƙasa da tsirrai. Saboda haka mai bincike yana fara aiki da taswirar duwatsu, yana bin layukan tsagewar ƙasa da wuraren da dutse mai magniziyom ya haɗu da wani iri. Inda ake zaton safantinayit, na'urar auna maganaɗisu tana taimakawa, domin wannan dutse yakan ƙunshi ƙwayoyin ƙarfe masu jan na'urar. Daga nan sai a haƙa ramuka masu tsawo a sare jijiyar ma'adinin a ga faɗinta, sannan a kawo injin huda ƙasa ya fito da dutsen a mulmule kamar sanda. A wannan mataki ma laushin yana kawo cikas, domin talak yakan farfashe ko ruwan hudar ya wanke shi, kuma idan ba a kula ba sai a raina yawan abin da ke ƙasa.

A ganina, aiki mafi nauyi yana cikin ɗakin gwaji, domin samun talak da yawa ba ya nufin samun talak mai daraja. Ana auna farinsa, ana duba girman fallensa, ana kuma haska shi da hasken eksre don gano sauran ma'adanan da ke tare da shi, tunda masu yin robar motoci da takarda da fenti da tangaran kowa da irin da yake buƙata. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne binciken asbestos, wato ma'adanai masu siffar zare da ke da haɗari ga lafiya. Wasu duwatsun da ke haifar da talak suna haifar da ma'adinin tiremolayit da makamantansa, waɗanda idan suka zo da siffar zare masu siriri suna cutar da huhu. A shekarar 2024, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya talak a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa cutar daji. Saboda haɗarin asbestos ne ake ɗaukar samfuri daga kowane sashe na jijiyar, ana duba shi da madubin lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa, kafin a yanke shawarar ɓangaren da za a haƙa da wanda za a bari a cikin ƙasa.