An hana ka bizar ziyara? Saurari wannan kafin ka sake biyan kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Ngaundare, Kusuri da Njamena. Tambayoyi biyu ne ba sa barin bakin masu neman bizar ziyara: kwana nawa za a yi kafin ta fito, kuma in an hana ni, yaushe zan koma?

Mu fara da lokaci. Ga Faransa da sauran ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, dokar Tarayyar Turai ta ce a yanke hukunci cikin kwana 15, in kuma ana son ƙarin bincike a iya kaiwa kwana 45. Sai dai lissafin nan yana farawa ne daga ranar da aka karɓi takardunka, ba ranar da ka cike fom a intanet ba. Jiran randebu ba ya ciki, kuma sau da yawa shi ne ya fi tsawo, musamman da damina, lokacin da masu hutu da ɗalibai ke rububin tafiya. Doka ta ba ka damar nema tun saura wata 6 tafiyar. Mu na Arewacin Kamaru mu ne muka fi buƙatar wannan dama, domin zanen yatsa ba a aika shi. In babu cibiyar karɓar takardu kusa, mutumin Marwa sai ya hau mota zuwa Ngaundare, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ya nemi masauki, sannan ya bar fasfonsa a can ya dawo ya jira.

Ingila kan ba da amsa cikin kusan mako 3 bayan ɗaukar zanen yatsa. Kanada ba ta da ƙayyadadden wa'adi, kiyasi take wallafawa a shafinta, yana hawa yana sauka. Amurka kuwa yawanci a wurin ganawar ake gaya maka sakamako, wahalar tana wajen samun ranar. Masu fasfon Chadi su lura: a watan Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, don haka a tabbatar da matsayin wannan doka kafin a fitar da ko sisi.

To, fasfo ya dawo babu biza. Akwai zafi, ballantana in auren ɗanka ne ko sunan jikanka za a yi a can. Kuɗin ma ba a mayarwa: na bizar Shengen yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kusan sefa dubu 59, ban da na cibiyar karɓar takardu da na mota. Amma don Allah kada takaici ya sa ka jefar da takardar da ta zo tare da fasfon. A cikinta an yi alama a kan dalilin hanawar, kuma daga nan gyara yake farawa. Dalilan da aka fi gani su ne: ba a gamsu da dalilin tafiyar ba, ba a ga isassun kuɗin zama ba, ko ana shakkar za ka dawo gida.

Babu dokar da ta ce sai ka jira wata kaza. Gobe ma kana iya sake nema. Abin da za ka tambayi kanka shi ne, me ya canja? In takardun jiya ka sake miƙawa, amsar jiya za ka samu. Kuma kada wani ya ce maka ka gwada ta Jamus ko Beljiyam, wai ba su sani ba. Ƙasashen Shengen rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, hanawar tana nan a rubuce har shekara 5.

Ga inda abin ya fi damuna. Mutanenmu da yawa ba talakawa ba ne. Alhaji yana da shago a babbar kasuwa, yana da shanu a daji, yana da gida, Hajiya tana zubin adashi mai nauyi. Amma dukiyar tana cikin kaya, da dabbobi, da bashin da ake bin abokan ciniki. Jami'in da ke zaune a ofishin jakadanci ba ya ganin garke, takarda yake gani. Sai ya buɗe bayanan banki na wata 3 ya tarar asusu shiru, sannan saura mako ɗaya randebu miliyoyi sun faɗo a rana guda. Ko kuɗinka ne na halal, a idonsa aro ne. Maganin yana cin lokaci: ka riƙa shigar da cinikin shago ta banki watanni kafin ka nema, kuɗi na shiga na fita kamar yadda kasuwanci yake. Ka haɗa da rajistar kasuwanci, da rasit na haraji, da takardar fili, da ta aure, da ta haihuwar yara. Ma'aikaci ya kawo takardar albashi da izinin hutu mai ɗauke da ranar komawa aiki. In ɗan uwa ne zai sauke ka a Faransa, shi zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar masauki ya aiko maka ta asali. Kwanakin da ka nema kuma su dace da aljihunka. Mai neman mako 2 don biki ya fi saurin gamsarwa a kan mai neman wata 3 babu bayani.

Akwai kuma ɗaukaka ƙara. Ga bizar ziyara ta Faransa, kana da kwana 30 ka rubuta koke da Faransanci zuwa sashen biza da ke birnin Nant. In wata 2 ya wuce shiru, an ƙi ke nan, sai kotun gudanarwa ta wannan birni. A ganina, wannan hanya ta wanda takardunsa suka cika ne aka yi masa kuskure. Wanda ya san akwai giɓi, sabon nema ya fi masa sauri. Amurka kuwa, in an hana ka da sashe na 214(b), ma'anarsa ba ka gamsar da jami'in cewa za ka dawo ba. Babu ƙara, sai sabon fom da sabuwar dala 185. Ingila da Kanada su ma galibi sabon nema ake yi.

Saura maganar 'yan kamasho, masu cewa suna da hanya a ciki. Taimakon cike fom ba laifi ba ne, amma duk abin da aka rubuta da sunanka kai za a tuhuma. Takardar banki ta bogi ko wasiƙar aiki ta ƙarya tana jawo haramcin shekara 5 a Kanada, a Ingila har shekara 10, a Amurka kuwa yana iya zama na har abada. Haka nan in fom ya tambaya ko an taɓa hana ka biza a wata ƙasa, ka ce e, ka faɗi ƙasar da shekarar. Kafin ka sa hannu, ka samu wanda ka amince da shi ya karanta maka kowane layi, ka kuma ajiye kwafin duk abin da ka miƙa, don abin da za ka faɗa a nema na gaba ya yi daidai da na baya.