Bulokcen a Kasuwar Ɗalibai: Wa Zai Riƙe Kuɗin?

Zango ya ƙare. Wata ɗaliba ta gama da littafinta na lissafi, tana neman mai saye. Wani ɗan aji ɗaya kuma shi yake nema ruwa a jallo. Ba su san juna ba, a waya suka haɗu. Ita ta ce turo kuɗi tukuna, shi ya ce sai na ga kaya. To, wa zai fara sakin nasa?

A irin wannan wuri ake kawo zancen bulokcen. Ku ɗauke shi kamar kundin ciniki da kwafinsa ke kan dubban kwamfutoci. Kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin na bayansa, saboda haka in wani ya taɓa tsohon rubutu, hatimi ya ɓaci, asirinsa ya tonu. Bitcoin, wani kuɗin intanet, shi ne ya fara aiki da wannan tsari a 2009.

Abin da zai raba gardamar ɗalibanmu kuwa, wani bulokcen mai suna Ethereum ya zo da shi a 2015: yarjejeniya mai zartar da kanta. Yaron ya tura kuɗi, amma ba hannunta suka shiga ba, manhaja ta riƙe. Suka haɗu a ƙofar laburare, ya buɗe littafin shafi-shafi, ya ga ba inda ya yage, ya haska lambar da ke fuskar wayarta. Nan take kuɗi suka faɗa asusunta.

Sai dai fa kundin ba shi da ido. Bai san ko littafi ya canja hannu ba, abin da aka gaya masa kawai ya sani. Da yaron zai karɓi kaya ya ƙi haskawa, dole a nemo mutum ya shiga tsakani. Masu tallar fasahar ba su cika tsayawa a nan ba.

Biyan kuɗin makaranta fa? An gwada. Jami'ar Nikosiya da ke Saifurus ta fara karɓar Bitcoin tun 2013, kuma a 2014 an raba wa ɗaliban jami'ar MIT a Amurka Bitcoin na dala 100 kowannensu. Matsalar ita ce darajarsa ba ta zama wuri ɗaya, ga shi sabon shafi yakan ɗauki kusan minti 10 kafin ya rufe. Wa zai tsaya wannan jira a layin buga takardu? Shi ya sa aka koma ga kuɗaɗen da aka ɗaure da dala, irin su USDC. Su ma ba duka ke da tabbas ba, TerraUSD ya rushe a watan Mayun 2022.

A ganina, don tarar laburare ko kuɗin ɗakin kwana, rumbun bayanan jami'a na yau da kullum ya wadatar, ya ma fi sauri. Bulokcen ya fi amfani inda babu hukuma ɗaya da kowa ya yarda da ita, misali ciniki tsakanin ɗaliban makarantu daban-daban.

Sannan ga batun makulli. In kai ke riƙe da lalitarka ta waya, kalmomi 12 ko 24 za a ba ka ranar buɗe ta, su ne makullin. Waya ta ɓata, kalmomin ma ka manta inda ka rubuta su, to babu ofishin da zai dawo maka da kuɗinka.